Baƙin Zobe a Kofin Gwaggo Seipati

Ni ba mai yawan magana ba ne. Waɗanda suka daɗe suna bin rubutuna sun sani. Wanda yau ya fara leƙowa, ga abin da zai riƙe. Sunana Odirile. Ina zaune a Tlhabane tare da mahaifiyata Kedibone, wadda nake kira Mma, ina aiki a matatar ƙarfe da ke bayan gari. Akwai wata yarinya a ƙauyen Luka mai suna Boikanyo. Kanyo nake ce mata.

Asabar ɗin da ta wuce kawunnaina suka je ƙofar gidansu roƙon ƙwaryar ruwa, kamar yadda muke faɗa idan an je neman aure. Ko dai a buɗe musu, ko a bar su tsaye har rana ta dake su su juyo. Mace ɗaya ce ke riƙe da wannan hukunci, gwaggon Kanyo, Seipati. Baban Kanyo yana nan da ransa, amma a wajenmu maganar ɗiya a bakin gwaggo take. Shi kuwa mutum ne da ko sukari ba ya ƙarawa a shayi sai ya dubi fuskar yayarsa.

Gwaggo Seipati ba ta so na. Ban yi mata komai ba. Ina ƙaramin aji a sakandare rufin ramin haƙar ma'adinai ya rufta a ƙarƙashin ƙasa. Cikin waɗanda ya danne akwai babana, akwai mijinta. Ita da mahaifiyata sun sa baƙin takaba shekara guda, kowacce zaune a kan katifarta, kamar yadda masu takaba ke yi a wajenmu. Tun daga nan ba ta ƙaunar ganin duk wanda ke cin tuwo daga dutsen nan. Rabin gari ke nan. Sai dai ba rabin gari ne ke neman 'yar ƙanenta ba.

Ni kuma na ƙara wa kaina. Na ba Kanyo baƙin zobe.

Ku yi haƙuri in gaya muku abin da ke jikin zoben. In ba ku san shi ba, ba za ku gane abin da na gani a bayan gidan Gwaggo ba.

A ƙarƙashin ƙafafunmu akwai wani baƙin layi a cikin dutse. Kaurinsa bai wuce daga ƙasa zuwa ƙugun mutum ba. Amma ya miƙe, ya ratsa ƙarƙashin gonaki da coci-coci da makabartu, har inda mota za ta yi rabin yini tana gudu. Narkakken dutse ne ya taso daga cikin ƙasa ya yi tafki, tun babu ciyawa, babu kifi, babu wani abu mai ido. Ya huce a hankali. Masu nauyi suka kwanta a gindi kamar gasara a roba. Shekara biliyan biyu ke nan. Na taɓa rubuta lambar a bayan littafi, na dubi sifilan, na ji jiri.

Filatinam ake nema a cikin layin. Shi ne ango. Amma yana da 'yan'uwa biyar da ke rakiyarsa, kuma a cikinsu akwai wanda ko a tashar tasi ba a san sunansa ba. Rutiniyam. A fasa dutse cike da babbar mota, abin da za a samu nasa ba zai cika cokalin shayi ba. Duk wanda duniya ke tonowa a shekara, mota ɗaya za ta kwashe, kuma mafi yawansa daga ƙarƙashinmu yake fita. Akwai ƙwayarsa a cikin wayar da ke hannunka yanzu.

Fari ne mai ruwan toka. Wutar da ke mai da ƙarfen gini ruwa, shi ko gumi ba ta sa shi. Akwai wani haɗin asid da ke shanye zinariya kamar sukari a ruwan zafi. A jefa shi ciki, a tafi a dawo, yana nan yana kallonka. Ba ya tsatsa. Amma a ɗora masa guduma, ba ya lanƙwasa. Tarwatsewa yake kamar tangaran.

A sashenmu, sai an gama cire kowa, shi yake ragewa a gindin tukunya. Sai a jiƙa shi da abin da ya san lagonsa, a bi shi da iskar kulorin. Ƙarfen da ya gagari wuta sai ya tashi tururi. Rawaya, kamar ƙwaiduwa. Yana hawa cikin bututun gilashi, mu muna bayan wani gilashin mai kauri. Inda ya sami sanyi sai ya zama 'yan allurai masu ruwan zinariya, waɗanda ɗumin tafin hannu ya isa ya narkar. An ce warinsa irin na iska ne bayan tsawa ta faɗi, kuma wanda ya ji shi ya gudu, don yana cin ido da huhu. Ranar da na fara gani, na tsaya har sai da mai kula da mu ya taɓa kafaɗata.

"Odirile, coci ka zo ko aiki?"

Na koma bakin aikina ina waiwaye.

Abu ɗaya ne ban taɓa gani ba, layin kansa. Babana ya gan shi kullum da fitila a goshi. Ni garinsa kawai nake gani. An yi min alkawarin bayan sanyi za a sa ni cikin masu koyon ɗibar samfuri a ƙasa. Ban gaya wa Mma ba. Kanyo ta sani, ba ta son zancen. Ni dai ina so in ɗora tafina a kansa ko sau ɗaya.

Kafin wani ya rubuto min a ƙasa, a'a, ban sato komai ba. Tsirara muke wucewa ta na'ura, shiga da fita. Zoben na Mma ne, na zinariya, wanda babana ya sa mata. Ranar da aka cire mata baƙin kaya ta zare shi ta ajiye. Bara ta ba ni. Wanki da wanke-wanke sun cinye shi har ya kusa zama zare, gefe ɗaya ya lotsa ya yi kaifi. Na kai wa wani maƙerin zinariya a cikin gari, na ce ya yi masa riga da rutiniyam. In aka shimfiɗa shi siriri yadda masu zobe ke yi, baƙi yake fitowa, mai sheƙi, kamar ruwan rijiya mai zurfi. So nake abin da ya fi komai taurin kai a dutsen da ya ci babana ya tsare abin da ya bari.

A bayan shagon soyayyen dankali na ba ta. Tana sanye da rigar sanyi ruwan hoda da hular ulu, yatsunta duk gishiri. Ta goge su a wandona, ba a nata ba.

"Baƙi?"

"Baƙi."

"Sauran 'yan mata ana ba su mai walƙiya. Ni an ba ni woshar famfo."

Na gaya mata na wane ne. Ta daina dariya. Ta sa shi, ta juya hannun, ta sake juyawa.

"Kada ki gaya wa Gwaggo na Mma ne," na ce. "Zoben da ya yi takaba. Kin san ta."

"Na san ta tun kafin ka san wando."

"Abu ɗaya kuma. Kada bilic ya taɓa shi."

"Ba kai ka ce asid ba ya cin sa ba?"

"Ba ya ci."

"Amma bilic ɗin da muke wanke masai da shi?"

"Shi ne maganinsa."

Ta dube ni ta gefen ido. "Wato irinka ne. Ba ka tsoron manyanku na matata, amma ka ji takun Gwaggo sai ka nemi bayan kanti."

Gwaggo ta ga zoben a ranar. Muna da kalma, sefifi. Duhun da mutuwa ke bari a jikin mutane da kayansu, wanda sai an wanke yake fita. Kanyo ta turo min abin da ta ce, kalma da kalma: "Wa ke ba amarya baƙi? Takabar yake ɗinka miki tun kafin a ɗaura?"

Duk da haka aka sa rana. Baban Kanyo ya yi ƙarfin hali sau ɗaya a rayuwarsa, Gwaggo ta ce su zo, ƙofa dai tana da sarƙa.

Waya ba ta shiga matata. Ranar Juma'a sai da na fito da yamma na buɗe akwatina na ga saƙonnin Kanyo a jere a waya.

"Odi."

"Odi zoben."

"Na cire zan wanke labule da fararen mayafai, na ajiye a taga kamar yadda ka ce. Babu shi."

"Na duba magudana. Na duba cikin kaji ma."

Na rubuta: "Wa ke gidan?"

"Kowa. Mata sun cika tsakar gida, ana dakan nama, ana dama tuwon dawa mai tsami na gobe."

"Gwaggo fa?"

Ɗigo uku suka yi ta rawa a fuskar wayar. Suka tsaya. Suka dawo.

"Ta ce in daina neman abin da Allah ya raba ni da shi. Ta ce zoben da ya gudu kafin baƙi su iso ya riga ya faɗi abin da zai faɗa."

Na iske Mma tana goge wa matar Kawu Pule shuɗiyar atamfarmu ta biki, mai ƙananan fararen zane, ɗakin duk ƙamshin sitaci. Kawu Pule, yayan Mma, shi ne zai yi magana a ƙofa. Yana gaban madubi yana fama da maɓallin kwat ɗin da ya yi aure da shi.

"Kwat ɗin nan ya tsuke," in ji shi.

"Kwat ɗin yana nan yadda yake," in ji matarsa.

Mma ta dube ni. "Fuskarka fa?"

"Gajiya ce, Mma."

Ta ci gaba da guga. Ba ta yarda ba. Ba ta tambaya ba. A wajenta na gado.

Da asuba na tuƙa su a akori-kurar Kawu. Ango ba ya zuwa wannan zama, ba a ma son a ga inuwarsa. Na ajiye su a bakin layi, na koma ƙarƙashin wata bishiya kusa da kanti na kashe mota. Sanyi ya yi wa ciyawa furfura. Daga nan ina hango su. Maza cikin kwat, huluna a hannu. Mata cikin shuɗi, ɗankwali a ɗaure, mayafi mai gida-gida a kafaɗa an soke shi da babban fil. Kawu ya ɗaga murya ya kira gidan da kirarin kakanninsu. Shiru.

Wannan ba komai ba ne. Dole a bar baƙi su ɗan sha sanyi, don su san 'yar gidan ba tsintuwa ba ce. Ya sake kira. Shiru. Rana ta fito ta bayan tulin ƙasar ma'adinai. Furfurar ciyawa ta narke. Mai kanti ya buɗe, ya share, ya dube ni, ya dube su, ya girgiza kai. Maƙwabta suka fara fitowa shanya kayan da ba su jiƙe ba.

Saƙon Kawu ya shigo: "Ƙafafuna sun mutu. In yarinyar nan ba ta iya shayi ba da kaina zan mayar da ita."

Sai na Kanyo: "Gwaggo ta kulle kanta a ɗakin wanki tun asuba. Baba ya buga, ta ce ya tafi."

Can sai wani: "Ta ce ka zo. Ta baya. Kai kaɗai."

"Ni? Yau ba a ganina."

"Ta fi ka sani."

Na zaga ta lungu, na ɗaga wayar shinge wajen bishiyar fic, ta yage min hannun riga. Ɗakin wankin na kwano ne, a ƙarshen gida. Na ƙwanƙwasa da yatsa ɗaya.

"Gwaggo."

"Ban zama gwaggonka ba tukuna, ɗan Kedibone. Shigo ka rufe."

Ta gama shiri tsaf, shuɗiyar atamfa, ɗankwali, mayafi da fil. Amma tana zaune a kan bokitin da aka kifa, hannayenta a ɓoye cikin mayafi. Matar da gari ke kauce wa hanya. Ɗakin yana warin bilic, da wani wari a ƙarƙashinsa, siriri, mai kaifi. Ban taɓa jin sa ba, amma na gane shi. Iska bayan tsawa.

Ban rufe ƙofar ba. Na wangale ta, na tura tagar kwano.

"Na ce ka rufe."

"Ki yi haƙuri. Iska za ta shiga tukuna."

A kan allon wanki akwai farin kofin tangaran, an kifa masa ɗan farantinsa.

"Ni na ɗauka," ta ce. "Ba sata ba ce. Wanke shi zan yi in mayar. Na goge shi da toka. Na matsa masa lemon tsami. Na aika aka karɓo min ruwan batir wajen makanike. Ko gezau. Na ce baƙin da ruwan batir bai fitar ba, ba na duniya ba ne. Sai na zuba masa bilic, na rufe, na yi addu'a a kai, na bar shi ya kwana." Ta nuna farantin da haɓa. "Ɗaga."

Na ja numfashi na riƙe. Na fita da kofin bakin ƙofa, na ɗaga farantin, na juya shi.

Ku da kuke karantawa, ban san yadda zan sa ku gani ba.

A jikin farin tangaran, ta gefen da ya kalli ruwan, akwai yatsu. Baƙaƙe, kamar an zana su da bakin allura. Kowane layi, kowane zagaye, kowane wurin da layi ya rabu biyu ya sake haɗewa. Babban yatsa da tabon wuƙa a tsakiyarsa. Babu hannu, amma ga hannun. Na taɓa ji a wurin aiki cewa tururin nan yana fito da shatin yatsu, har masu binciken laifi a wasu ƙasashe suna aiki da shi. Ji kawai na yi. A matata muna tsare shi da bututu da gilashi da ƙararrawa. Ga shi nan ya tashi a kofin shayi, a bayan gida a Luka, cikin duhu, ba mai kallo, ya yi zanensa ya kwanta.

Na durƙusa. Ban san na durƙusa ba.

"Nawa ne," in ji ta. Ta fito da hannun dama, tana nuna min tabon. "Ya fita daga zoben ya nemo ni. Ya san ni. Na sa baƙi na cire, aka wanke ni, na zaci mun rabu. Ashe jira yake." Ta dube ni. "Kai ka kawo shi. Gaya min abin da yake so."

Ga ƙofa a buɗe. Kun gan ta, ni ma na gan ta. In na ce mata, Gwaggo, ba zai sake ki ba sai kin cire sarƙar can, da gudu za ta je. Daga nan ina jin tarin Kawu Pule. Magana ɗaya, in sami Kanyo.

Na sake duban farantin. Abin ya fi ƙarfin in yi ƙarya da shi.

"Jiya kin soya fanken magwinya?"

Ta ɗaure fuska. "Wace rana ce ba na soyawa? Me zan ba baƙi, duwatsu?"

"Maiƙo yake nema. Bilic ya narkar da rigar zoben, ta tashi tururi. Tururin in ya taɓa maiƙo sai ya koma baƙi ya zauna. Duk inda yatsa ya taɓa yana barin maiƙo. Naki ya fi fitowa don hannunki a mai ya yini."

"Kana min wasa da hankali."

"Ina kika ɗauko farantin?"

"A tire, bayan shayin yamma."

Na matso da shi. "Wannan ƙaramin na gefe fa? Naki ne?"

Ta sunkuyo. Ta daɗe. "Na Kanyo ne. Ita ta miƙa shayin."

"Wannan mai faɗin?"

"Na ƙanena ne. Yatsa kamar kan tabarya, tun yana yaro." Ta ɗago kai. "Har shi?"

"Har shi. Da Fasto ya sha shayi a nan, da nasa yana ciki. Bai san ki ba. Bai san kowa ba. Ya kwanta a can ƙasa tun ba a yi mai idon da zai yi kuka ba. Ba mutuwa ce ta ba shi baƙinsa ba."

"A can ƙasa," ta maimaita. "Daga ramin?"

"Daga layin. Wane rami, ban sani ba. Haɗa su ake."

"Wato zai yiwu."

"Zai yiwu."

Ta karɓi farantin da hannu biyu, ta gefe-gefe, kamar hoton mamaci. Ba ta yi kuka ba. Ta dube shi kawai, ni ma na dube shi, mu biyu a bakin ɗakin wanki, baƙi suna bushewa a ƙofa.

Ruwan kofin ya koma launin ruwan lemo. Na karyo tsinke daga bishiyar fic na kamo zoben, na ɗauraye shi a famfo. Baƙin ya tafi duka. Zinariyar ta fito tsirara, ta dushe, siririya abin tausayi, da lotsattsen gefenta.

"Ba ni," in ji Gwaggo.

Ta juya shi. Ta bi kaifin da farce. Sai ta buɗe hannun hagu ta nuna min gefen ƙaramin yatsa. Wani ɗan farin tabo.

"Ranar nan, a bakin rami, muna jiran kejin da ke sauka da mazanmu ƙasa ya hau da su. Uwarka ce kusa da ni. Ban ma san sunanta ba a lokacin. Ta kama hannuna. Duk sanda ƙararrawa ta kaɗa sai ta matse. Zoben nan ya yanke ni, ban ji ba sai da na ga jini a mayafina." Ta rufe hannu a kansa. "Me ya sa ka ɓoye shi?"

"Rufe shi na yi. Ya kusa tsinkewa."

"Ka kuma ɓoye."

"Na kuma ɓoye."

"An wanke shi?"

"Tare da ita, ranar cire takaba. Kawu Pule ne ya zuba ruwan. Yana ƙofa, in bai daskare ba ki tambaye shi."

Gefen bakinta ya motsa. Ta hana shi.

Ta miƙe, ta gyara fil ɗin mayafi. Ta dawo Gwaggo Seipati da gari ya sani.

"Kai a sama kake aiki, ko?"

"A sama. Ta gilashi nake kallonsa."

"Na ga yadda ka kalli farantin nan. Haka mijina yake kallo in yana ba ni labarin ƙasa. Wai akwai wurin da dutsen ke ƙyalli kamar taurari in fitila ta haska shi. Ni ban auri taurari ba." Ta tako har sai da na ji ƙamshin man soya a mayafinta. "Ba baƙin zobe nake tsoro ba, ɗan Kedibone. Na gaji da ganin mata a kan katifa. Ƙafarka ba za ta taka keji ba. Ba don aiki ba, ba don kallo ba, ba sau ɗaya ba. Ka faɗa min yanzu, in je in cire sarƙa."

Ban san ko Kanyo ce ta gaya mata ba. Ban san ko a fuskata ta karanta ba. Ɗazu na ƙi yin ƙarya don in sami ƙofa. Yanzu ba zan fara ba. In na faɗa, na faɗa ke nan.

Na tuna babana yana wanke baƙar ƙura daga wuyansa a tsakar gida. Na tuna tafina da na daɗe ina tanadi. A ƙofa Kawu Pule ya sake kiran kirarin gidan, muryarsa ta fara dishewa.

"Ba zan taka ba."

"Sake faɗa. Kunnena ya tsufa."

"Ba zan taka keji ba, Gwaggo."

Wannan karon ba ta gyara min kiran ba.

Ta ɗauki kofin da kanta, ta kai shi can jikin shinge inda ba ciyawa, ta zubar, ta bi shi da bokitin ruwa. Na ji tana cewa a hankali, "Koma inda ka fito." Farantin kuwa ta naɗe shi a ƙyalle ta cusa cikin mayafi. Ta danƙa min zoben.

"Ka mayar masa da rigarsa. Uwarka ta cinye rabinsa da wanki, Kanyo kuwa ta fi ta son ruwa."

"Baƙar?"

"Ka ji na ce shuɗiya?" Ta tura ni cikin ɗakin. "Zauna nan. In kawunnan Kanyo suka gan ka a gidan nan yau, akuya za su ci ku tara, ni kuma ban san ka ba."

Ta ja ƙofa ta sa sakata ta waje.

Na zauna a kan bokitin. Ta ramukan ƙusa rana tana shigowa tsinke-tsinke. Na ji takunta a kan tsakuwa. Na ji sarƙa tana zamewa daga ƙarfe. Na ji muryar Kawu, a dishe, yana cewa sun zo daga nesa, ƙishirwa ta kawo su, suna roƙon ƙwaryar ruwa. Na ji Gwaggo ta ce, "Kun makara, shayi ya huce." Sai wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa.

Waya ta yi motsi a aljihuna.

"Ta buɗe. Odi ta buɗe. Me ka ce mata?"

Na rubuta. Na goge. Na rubuta: "Na sami zoben."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Na kifa wayar a cinya. Zoben yana tafina, ba nauyi, ya ɗauki ɗumin jikina. Na dubi daɓen simintin da ke tsakanin takalmana. In aka huda nan aka yi ta tafiya, za a wuce jar ƙasa, a wuce ruwa, a wuce dutsen da zafinsa ke sa maza cire riga, a iske layin kwance, baƙi, yana ƙyalli ba mai gani. Ya yi shekara biliyan biyu bai jira kowa ba. Ba zai lura ban zo ba.

Na cire takalmi ɗaya, na ɗora tafin ƙafata a kan simintin. Sanyi ƙalau. A tsakar gida ana ta guɗa saboda ni.